Mu Da Muke Share Gidajen Jidda Muna Da Ta Cewa

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina a kan maganar tsafta. A waya nake karanta ku, yawanci da daddare idan na gama aiki na miƙe ƙafa. Duk shekara da alhazai sun koma gida sai in ga zancen nan ya sake tasowa, a shafinku da kuma a Facebook: wai Larabawa masu tsafta ne, mu kuwa ƙazamai, wai a Makka da Madina ko tsinke ba ka gani a ƙasa, amma kana fitowa daga filin jirgin Malam Aminu Kano leda ce za ta fara yi maka sannu da zuwa. Masu faɗin haka ba ƙarya suka yi ba, abin da idonsu ya gane musu suka faɗa. Sai dai su ta ƙofar baƙi suka shiga. Ni ta kicin nake shiga, kuma ni ce mai fitar da shara.

Ni Bakanuwa ce daga cikin Birni, na daɗe ina aikatau a Jidda. Na yi gidan masu hali mai hawa uku, na yi gidan malamin makaranta mai 'ya'ya rututu a ɗan ƙaramin fulat. Na yi na kwana, na yi na jeka-ka-dawo, lokacin aikin Hajji kuma nakan samu sharar masaukin baƙi a Makka. Ba zan sa sunana ba, Edita, ka san dalili, abincina a gidan mutane yake.

Abin da nake so 'yan'uwana su gane shi ne, ƙyallin nan da suke gani abu biyu ne suka tallafe shi, kuma a cikinsu babu wanda ake sawa a jaka a kai gida tsaraba. Na farko motar baladiyya, wato hukumar birni. A bakin kowane layi akwai ƙatuwar kwantenar shara, mota tana zuwa kullum ta juye ta, ga masu shara, galibinsu 'yan Bangaladash, tun kafin rana ta fito suna bin titi da tsintsiya, su wuni a cikin zafin da maigida ba zai iya tsayuwar minti biyar a cikinsa ba. Na biyu hannun wata baiwar Allah a cikin gida: 'yar Habasha, 'yar Filifin, 'yar Kenya, 'yar Yuganda, ko 'yar Takari irina. A janye biyun nan na mako ɗaya tak, sannan a zo a nuna mini wanda aka haifa da tsafta. Akwai gidan da zazzaɓi ya kwantar da ni na 'yan kwanaki, da na koma sai na tarar kwanuka sun cika wurin wanke-wanke har an fara jera su a ƙasa, kofunan shayi a ƙarƙashin kujera madara ta daskare a ciki, famfas ɗin jariri an tara a bayan ƙofar banɗaki. Mutanen kirki ne, masu salla, ba su taɓa riƙe mini ko riyal ɗaya ba. Rashin sabo ne kawai. Yaron da tun yana rarrafe yake ganin in ya yar da abu wata za ta ɗauke, a ina zai koya?

Bari in fara da abinci, don nan ne ya fi ƙona mini rai. A nan ana shimfiɗa sufra, wata siririyar leda ce da ake saya a nannaɗe, a yanko daidai yawan masu ci, a ɗora babban tire na kabsa ko mandi a tsakiya. Idan baƙin na ji da gani ne, rago sukutum ake kwantarwa a kan shinkafar. Mutum takwas su zagaye abin da zai ƙosar da talatin, kowa ya ci gabansa, su tashi wanke hannu. Sai a kira ni. Abin da ake so in yi, in kama kusurwa huɗu na ledar in haɗe, da shinkafa, da ƙashi, da gwangwanin lemo, da tishu, da ragowar salak, in ƙulle in kai kwantena. Kafin a zagaya da gahawa falo ya koma fes, an sa turaren wuta, baƙo yana cewa masha Allah, gidan nan akwai tsafta. Ledar da na fita da ita kuwa jan ta nake yi a ƙasa saboda nauyi, mai yana tsiyaya ta gindinta. A watan azumi abin ya fi muni. Tun daga azahar ana suyar sambusa da lugaimat, ga shorba, ga ful da tamis, ga Vimto a manyan jug, mai azumi ya sha ruwa ya ci dabino da sambusa uku cikinsa ya cika, saura ya kwana a kan tebur, gobe kuma sabo za a yi, don babu mai cin na jiya.

Ba ni kaɗai nake faɗa ba, su da kansu sun auna. Hukumar hatsi ta Saudiyya ta fitar da wani bincike a 2019 da ya nuna kusan kashi 33 cikin 100 na abincin ƙasar yana salwanta, tsakanin gona da kasuwa da gida, kimanin kilo 184 ga kowane mutum a shekara, kuɗinsa kuma ya kai riyal biliyan 40. Ni da nake ɗaure ledar zan ƙara da cewa shinkafa da burodi ne suka fi yawa a ciki. A ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya, wadda shinkafar ma daga Indiya da Pakistan ake kawo mata a jirgin ruwa. Ayar da ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna kowa ya haddace ta, da mu da su.

Amma in ban faɗi alherinsu ba na zama azzaluma. Akwai ƙungiyoyin da suke kira Hifzun Ni'ima, akwai kuma bankin abinci na Iɗ'am da ya fara daga Dammam a 2011. Idan mai biki ya sanar da su, suna zuwa zauren da safar hannu da robobi, su kwashe abincin da ba a taɓa ba su raba wa mabuƙata tun bai kwana ba. Wasu gidajen da masallatan suna ajiye firji a waje, mai ragowa ya sa, mai yunwa ya ɗauka ba tare da ya roƙi kowa ba. Busasshen burodi kuma ana ware masa leda daban a rataye a jikin kwantena, masu tarawa su kai wa masu kiwon tumaki. Takardar da take da sunan Allah tana da akwatinta a gefen masallaci. Na yi aiki da wata tsohuwa, kakar gidan ce, 'yar kudu daga wajen Jizan, wadda ta san yunwa kafin arzikin mai. Idan ta ga gutsuren burodi a ƙasa sai ta sunkuya da ƙyar ta ɗauka, ta sumbace shi, ta ɗora a goshi, sannan ta ajiye a kan taga. Ita ce take sa ni in tsame naman da ya saura in sa a firiza, shinkafar kuma in baza ta a tire a kan soro ta bushe saboda tattabaru. Jikokinta suna yi mata dariya. Ni kuwa tunda na zo ƙasar nan ban ga wanda ya tuna mini da kakata ba sai ita.

Sai maganar ƙamshi. A gidaje da yawa, nan da can gida, idan wuri yana ƙamshi an ɗauka ya tsarkaka ke nan. Madam za ta shigo ta shaƙi iska, in ta ji Dettol da turare ta ce na yi aiki, in ba ta ji ba ta ce in sake, ko da kuwa na goge har gwiwata ta yi kanta. Amma soson wanke-wanke da ya yi wata biyu yana jiƙe a cikin ruwan kumfa, babu mai duba shi. Katakon da aka yanka ɗanyar kaza a kai, a ɗauraye shi sama-sama a yanka tumatir da kokwamba na salak. Tsumma guda a goge tebur, a goge hannu, a goge bakin yaro. Robar ƙofar firji ta yi baƙi ƙirin da fumfuna. Shinkafa ta kwana a tukunya a kan murhu cikin zafin Jidda, da safe a ba yara. In ciki ya ɓaci sai a ce sanyin mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko kambun baka. Fankam-fankam dai ba shi ne kilishi ba. Ni a kicin ɗin da nake riƙe da shi katako biyu ne, na nama daban na ganye daban, soso kuwa ina matse shi in shanya, in ya fara wari in yar, ko da Madam za ta yi mita a kan riyal biyu.

Yanzu ga abin da ya fi komai sa ni ɗaukar waya in rubuto maka, don rai ne a ciki. Akwai ruwan wanke banɗaki iri biyu da babu gidan da ba ka samun su a nan: Clorox, wato bilic, da Flash, mai cinye tsatsa da dattin da ya kama masai. Kowanne shi kaɗai yana aikinsa. Idan aka haɗa su kuwa, nan take wata iska mai guba take tashi, iskar kulorin, don shi Flash asid ne. An rubuta gargaɗi a jikin robar, amma da Larabci da Turanci, yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye ba ta karanta ko ɗaya. Akwai wata ƙanwarmu, sabuwar zuwa, da aka kawo ta taya ni aikin biki a wani gida. Aka ce mata ana son banɗakin baƙi ya yi ƙal. Sai ta tuttula wannan, ta bi da wancan, ta ja ƙofa don kada wari ya dami mutane, ta durƙusa da buroshi. Tarin da na jiyo ne ya sa na ruga. Na tarar idanunta sun kaɗa jawur, hawaye da majina suna zuba, tana nuna ƙirjinta, magana ta gagara. Na toshe hancina da mayafi na jawo ta tsakar gida. Allah ya yi da sauran kwananta, amma ta jima in ta hau bene sai ta tsaya ta huta.

Don Allah duk wadda take karanta wannan, ko tana aikatau ko gidan mijinta take sharewa a Gwammaja, ta riƙe: bilic ba a haɗa shi da komai sai ruwan sanyi. Ba da Flash ba, ba da ruwan khal ba, ba da na goge gilashi ba. A fara wanke wurin da sabulu a ɗauraye, sannan a zuba bilic ɗin da aka sirka, a bar shi ya ɗan jima kafin a sake ɗaurayewa, taga a buɗe, hannu da safa. Idan tsautsayi ya faɗa, a fita waje wurin iska, a buɗe tagogi, a wanke ido da ruwa mai yawa, in numfashi bai daidaita ba a kira motar asibiti, a nan lambar 997 ce. Mutanenmu da an ce guba sai a ɗauko madara ko manja a ɗura wa mutum. Wannan ba ciki ta shiga ba, huhu ta shiga, manja ba zai kai can ba, sai dai ya ƙara shaƙe shi.

Ruwa ma haka yake, wanda ake gani da wanda ba a gani. Ruwan Jidda na teku ne da ake tacewa a cire gishirinsa, mafi yawa daga matatar ruwa ta Shu'aiba ake turo shi. Yana shiga tankin da ke ƙarƙashin gida, injin ya ɗaga shi zuwa na kan soro, in an ɗauke kuma a sayi na tanka, wadda suke ce wa wayit. Na sha sayen kwalba ake yi, amma da na tanki ake wanke ganye, a wanke baki, a yi alwala, a yi wa jariri wanka. An ce duk wata shida ya kamata a wanke tanki. Na tsaya a kan wani da aka buɗe bayan shekaru, laka ta kwanta a ƙasa, kyankyasai sun yi gida a murfin, a gidan da ake sa ni goge ƙasan falo sau biyu a rana.

Ga kuma sauro. Tun 1994 aka san zazzaɓin dengi a Jidda, kuma har yau bai bar garin ba. Sauronsa daban ne da na cizon dare da muka sani: baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafa, da rana yake cizo, kuma ruwa mai kyau yake so, ba na kwata ba. Bokitin da aka tara a ƙarƙashin mukayyif yana ɗiga, farantin da ke ƙarƙashin tukunyar fulawa, kwanon ruwan tsuntsu, tsohuwar taya a kan soro, durom ɗin da aka tara ruwa ba murfi. Kwana bakwai zuwa goma sun ishe shi daga ƙwai ya zama mai cizo. Zubar da ruwan kawai bai wadatar ba, don ƙwan yana manne a jikin robar, yana iya yin watanni a bushe yana jiran a sake zuba ruwa, sai an dirje da soso. Baladiyya tana zagayawa da feshi, amma mai feshi ba ya shiga bayan injin wanki. Mu ne muke shiga.

Kuma kada a ɗauka su ba su taɓa shan wahalar ƙazanta ba. Shekaru da dama unguwanni da yawa na Jidda ramin masai suke da shi, bayyara, motoci su zo su zuƙe su kai gabashin gari su juye, har ya zama tafki guda da ake kira Buhairatul Misk. Sai da ambaliyar watan Nuwamba na 2009 ta ci mutum fiye da ɗari, aka tsorata kada tafkin ya ɓalle ya shigo gari, sannan aka ƙafar da shi a 2010. Kuɗi aka zuba aka gyara, ba halitta ba ce.

To ina ledar nan take zuwa bayan na kai ta kwantena? Kafin mota ta iso akwai masu riga ta. Duk wanda ya zauna a Jidda ya san iyayenmu mata masu tura tsohon keken jarirai cike da buhuna, da ƙugiyar ƙarfe a hannu, suna bin kwantena suna tsamo gwangwanin lemo. Da yawansu namu ne, akwai 'yan Nijar, akwai 'yan Cadi. Sai an tara gwangwani kusan saba'in kafin a samu kilo ɗaya, a tattake, a kai wa masu sayen ƙarafa su auna. Wasu kwali suke bi, wasu burodi, wasu tufafi da takalma da za su ƙare a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh. Baladiyya ta hana tonon kwantena, in an kama mutum akwai tara, ga wadda ba ta da igama, wato takardar izinin zama, kuma abin ya wuce tara. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya tashi unguwannin Gulail da Petromin da Karantina da Sabil, inda da yawansu suke zaune kuma suke tara kayansu, kowa ta kama gabanta. Gwamnati ta kafa cibiyar kula da shara ta ƙasa, Mawan, a 2019, ta yi sabuwar doka a 2021, a manyan kantuna kuma ana ganin kwanduna kala-kala, na roba daban na takarda daban. Madalla. Amma a gidajen da na sani har gobe leda ɗaya ce take cinye komai, kuma wadda take rabawa a zahiri ita ce tsohuwar nan da ake kora.

Hannunta take sawa a cikin abin da na ƙulle. Shi ya sa fasasshen kofi ba na sa shi haka, sai na naɗe a kwali na ɗaure. Ciwon suga ya yi yawa a ƙasar nan, gida da wuya ka rasa mai allurar insulin, kuma tsinin allurar a kwandon banɗaki ake jefa shi tare da tishu. Ni ina ajiye tsohuwar robar sabulun wanki mai kauri, duk allura a ciki take shiga, in ta kusa cika in rufe in naɗe bakin da salatif. Gwangwani kuma ina ɗauraye su in sa a leda daban in ajiye a gefen kwantena, don kada sai ta tona famfas kafin ta kai gare su. Babu wanda ya sa ni, kuma ba ya ɗaukar mini komai. Akwai wadda muke gaisawa da asuba, in ce Inna an tashi lafiya, ta ce 'yar nan Allah ya rufa asiri, ta ɗauki ledarta ta wuce.

Wani abu da ban taɓa sabawa da shi ba, bari in faɗe shi a taƙaice. Akwai gidajen da mai aiki kofinta daban, cokalinta daban, an ajiye su can ƙarƙashin wurin wanke-wanke kusa da omo. Hannun da ya dafa abincin, ya wanke kofin kowa, ya yi wa jaririn gidan tsarki, shi ne ake ƙyama. Kada matan Kano da Kaduna su yi saurin cewa Allah wadai, su fara leƙa inda 'yar aikinsu take kwana, da shekarunta nawa. A nan dai sabuwar dokar masu aikin gida da ta fara aiki a watan Oktoban 2024 ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 21 ba, ta ce aiki kada ya wuce awa goma a rana, da hutun kwana ɗaya a mako. Wadda ba ta da takarda dokar ba ta san da zamanta ba, wannan kuma wasiƙa ce ta wata rana.

Abin da yake ba ni tsoro shi ne irin tsarabar da muke kai wa gida. Ina ganin hotunan biki da walima a waya: sufrar leda ta isa Kano, ga kofin roba, ga cokalin roba, ga abinci a robar tafi-da-gidanka, kowa da ruwan kwalbarsa ya sha rabi ya bari. An kwaikwayi ci-ka-yar, amma motar da take zuwa kullum ba a taho da ita ba. To ina za su? Kwata, sai kwalbati, sai Jakara. Damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane, ya haɗu da masai ya gangara rijiya, sai ka ji amai da gudawa sun ɓarke a unguwa. Famfas kuwa shi ne uban tafiyar, ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa da daɗi, kare da iska su yi ta yawo da shi.

Alhali mu ba baƙin adana abu ba ne. A gidan da na tashi tuwon dare shi ne ɗumamen safe. Ƙanzo ana kankarewa a shanya, a ci ko a sayar. Ruwan tsari da dusa na awaki ne, toka ta wanke tukunya, gwangwanin madara ya zama ma'auni ko fitilar aci-balbal, kwalba ta man gyaɗa ce, tsohuwar taya ta zama guga da takalmi, tsohon zane ya zama tsumman jariri a wanke a shanya a rana. Sharar gida manoman bayan gari suna zuwa da jakuna su saya su kai gona taki. Yanzu manomi sai ya tsaya tsince leda a cikin takin, akuya kuma in ta haɗiye ta sai dai a ga tana ramewa, ranar da aka yanka a tarar da ƙullin leda a tumbi. 'Yan bola-jari da 'yan gwangwan da muke rainawa, da maƙeran da suke narka gwangwani su zuba tukunya, da Fanteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, aikin da manyan ƙasashe suke kafa hukuma a kansa suke yi, ba da ko sisin gwamnati ba. Ba na cewa a koma zamanin da, ni ma na san daɗin famfas da daddare. Cewa nake mai biki ya tambayi kansa inda robobin nan ɗari biyar za su kwana, tunda hayar faranti da cokali ba ta ƙare a gari ba.

Tsaftar ƙarshen wata da muka gada tun zamanin Buhari da Idiagbon ba laifi ba ce, amma shara kullum ake yin ta, ba za ta jira Asabar ɗin ƙarshe ba. Kuma in an yashe kwata an tara a bakin titi babu motar da ta zo, ruwan farko zai mayar da ita inda aka ɗebo ta. Masu mulki da suke zuwa Umara duk azumi, maimakon su koma suna yi wa talaka gorin ƙazanta, su leƙa ta tagar otal da asuba su ƙirga motocin shara, su tambayi nawa ake kashewa, su koma su ba REMASAB, hukumar kwashe shara ta Kano, da takwarorinta na sauran jihohi motoci da mai da albashi. A dawo da duba-gari na gaske, mai buɗe randa ya leƙa, ba mai karɓar na goro ba.

Saura alhazanmu, tunda na share bayansu. A wanka da wanki da alwala babu wanda ya fi su, kayansu fes, jikinsu fes. Matsalar tana wurin zubarwa. Ragowar miya mai manja da guntun tuwo a tuttula a wurin wanke hannu, man ya daskare a bututu, kafin kwana uku ruwa ya dawo ta banɗakin hawa na ƙasa. Audugar mata da famfas a tura a masai. Tofin goro a kusurwar matakala. Ledar shara a ajiye a bakin lif ana jiran wanda ba a sani ba. Ba mugunta ba ce, da yawa daga ƙauye suka fito, ba su taɓa zama a bene mai bututu ba, kuma babu wanda ya gaya musu. Malaman bita suna koyar da ɗawafi da jifa da sa harami, ina roƙonsu su ƙara ko minti goma a kan wannan: mai da ragowar miya a juye a leda a ƙulle, masai ba ya karɓar komai sai ruwa da abin da aka yi shi dominsa, shara kuma a sauke ta ƙasa a sa a kwantena. In da hali a samu wata da ta taɓa aikin masauki ta tsaya gaban mata ta yi musu bayani da Hausa, akwai irinmu da yawa da suka koma gida suna zaune a Fagge da Kurna da Rijiyar Lemo.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wata 'yar aikatau,
Jidda, Saudiyya.